Tallafin korona da manomin da ba a rubuta sunansa ba

Ranar 27 ga Maris 2020, kwana takwas bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Ya kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, ya hana fitar dare a Yamai, sannan ya lissafo abubuwan da gwamnati za ta yi don rage wa jama'a raɗaɗi. Wanda ya fi shiga bakin mutane shi ne cewa gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu. Mataki ne mai kyau, kuma gidaje da yawa a unguwannin Birni da Zango da Garin Malam na birnin Damagaram (Zinder) sun ji daɗinsa. Daga baya aka shirya da bankuna za a ba kamfanoni rancen da ya kai miliyar 150 na sefa, gwamnati ta tsaya musu a kan wani kaso.

To amma wane ne aka ja wa wayar wuta da famfo har cikin gida? Wane ne ke da takardun kamfani da asusun banki? Manomin da ke ƙauyukan Dungas da Magarya da Kance da guga yake jan ruwansa, tocila ce fitilarsa, bankinsa kuwa akuya biyu ce da abin da ya rage a rumbu. Mutum takwas cikin goma a ƙasar nan da noma da kiwo suke rayuwa, kuma a ƙidayar 2012 babu jahar da ta kai ta Damagaram yawan jama'a, mutum miliyan uku da rabi, akasarinsu a karkara. Duk da haka, da aka zo rabon sauƙi, wanda aka fara gani shi ne wanda sunansa ke kan takardar biyan wuta. Ban ce mugunta ce ba. Gwamnati ta kai hannunta ne inda take da suna da adireshi. Manomi ba shi da ko ɗaya a wurinta a matsayinsa na manomi, kuma har yau da nake wannan rubutu, talakan da ke noma eka biyu a Damagaram bai san wani kundi da zai ce sunansa na ciki ba, wanda za a buɗe a biya shi idan masifa ta faɗo. Wannan shi ne abin da ke damuna, ya fi maganar nawa aka raba da nawa aka ci.

Akwai masu cewa ai korona ba ta yi mana komai ba, cutar Turawa ce. Gaskiya ne adadin da hukuma ta bayar na waɗanda suka rasu a faɗin ƙasa bai wuce ɗari uku da ƴan kai ba, ko da yake mu a Zinder mun ɗanɗana, mun rasa manyan mutane, Allah ya jiƙansu. Amma manomi ba a asibiti cutar ta same shi ba. A kasuwa ta same shi, da kan hanya.

A tuna yadda lamarin ya zo. Tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba ta sake buɗe ƙofar Maigatari ba sai tsakiyar Disamba 2020. Ke nan korona ta tarar da mu an riga an ɗaure mana hannu ɗaya. Sai Nijar ma ta rufe nata iyakokin ga matafiya a watan Maris, a watan Afrilu aka kulle Kano, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya. Duk wanda ya san Damagaram ya san kasuwarmu ba Yamai take kallo ba, mai nisan kusan kilomita 900. Kano take kallo, da Daura, da Maigatari. Wakenmu can yake zuwa, da riɗi, da bisashe. Kuma watannin nan na Maris da Afrilu su ne lokacin da mai noman rani ke kwashe guminsa na wata huɗu.

Ina da ƙanin uwa mai lambu a fadamar Korama. A shekarar ya zuba kabeji da tumatir fiye da yadda ya saba, don ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa. Na same shi a lambun da hantsi, an sare kabejin an tara shi ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓa masa tsofaffin buhuna ana yayyafa ruwa don kada rana ta dafa shi. Ganyen waje ya riga ya yi laushi, ƙuda na bi. Mai motar da ke zuwa ɗauka ya ce ba zai zo ba, don ko ya ɗauka bai san inda zai sauke ba. Na ce, "Kawu, me za a yi da wannan?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya yi saura mu ci, wanda ya lalace tumaki su ci. Mai injin ne ba ya cin kabeji." Tumatirin kuwa matan gidan suka yanka suka shanya a kan tabarmi, aka mayar da shi kauɗa, abin da da an sayar ɗanye ya biya rabin bashin. Ba shi kaɗai ba ne. Daga Gidimuni zuwa Waca zuwa Bande, wanda duk ya zuba kayan da ba sa jiran gobe ya ga irin wannan.

Wannan asara ce da ido ke gani. Akwai wadda ta fi ta girma, ita kuwa ba ta da wari balle a lura da ita: kuɗin ci-rani. A ƙauyukanmu, da an gama kaka samari ke ficewa, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Dako, ga-ruwa, shayi, yankan farce, gadi. Abin da suka tara su ke dawowa da shi a bazara, kuma da shi ake sayen iri, a gyara garma, a sayi buhu ɗaya ko biyu na hatsi da zai riƙe gida har a kai ga sabon gero. Wato noman damina a ƙasar nan da kuɗin rani ake tayar da shi. A 2020 wannan kuɗi bai zo ba. Wasu samarin sun maƙale a can babu aiki, suna cin ɗan abin da suka tara. Wasu sun biyo ta daji sun dawo hannu wofi. A daidai lokacin ne kuma gwamnonin arewacin Najeriya suka shiga mayar da almajirai garuruwansu, yaranmu da yawa suka dawo gida ba shiri. Baki ya ƙaru, abin sawa bai ƙaru ba. Ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu. Aka buɗe rumbu tun lokacin buɗewa bai yi ba, kuma a gidaje da dama har damman da aka ware na iri aka sussuke aka yi fura.

Mutumin birni da bai taɓa riƙe hauya ba zai ce, to ai idan ruwa ya sauka komai ya wuce. Ba haka abin yake ba. Manomin da ya shiga damina babu hatsi a gida hanya uku ce a gabansa, kuma kowacce tana cin amfanin da bai shuka ba tukuna. Ko ya sayar da akuya a lokacin da kowa ke sayarwa, ga naira ta faɗi, dillalan da ke zuwa daga kudu ba su zo ba, ya karɓi abin da aka ba shi. Ko ya je wurin ɗan kasuwa ya ci bashin hatsi, a auna masa tiya a Yuni lokacin tsada, ya biya da ninki a Oktoba lokacin da hatsi ya faɗi. Ko kuma ya tafi barema, ya kwana uku yana noma gonar mai hali don ya samu abin da za a ɗora tukunya, tasa gonar tana can ciyawa na shaƙe gero. Noman farko idan ya wuce lokacinsa da mako biyu, babu takin da zai mayar da abin da aka rasa. Saboda haka jika ashirin, wato sefa dubu ashirin, da ba ta samu ba a watan Mayu ita ce ke zama damma talatin da ba a ɗaure ba a kaka, kuma gidan ya shiga shekara ta gaba da bashi a wuya. Abin da korona ta yi wa manomi ke nan, kuma babu wanda ya ƙidaya shi.

Ba zan ce ba a yi komai ba, don ƙarya ce. Ƙasar nan tana da tsarin tunkarar yunwa da ta koya da wahala, musamman bayan 2005 da 2010. Akwai rumbunan OPVN, hukumar ajiye hatsi ta ƙasa, akwai sayar da hatsi da rahusa, buhu mai kilo 100 a kan jika 13 a lokacin, akwai rabon kyauta a lokacin bazara, kuma a 2020 an ƙarfafa su. Akwai kuma shirin Wadata Talaka, wanda ta hanyarsa, da taimakon Bankin Duniya da wasu abokan tafiya, aka ba wasu gidaje jika 45 sau ɗaya saboda korona. Wanda ya samu ya san amfaninta. A farashin rahusa, buhu uku ne har da canjin jika shida. Na ga tsohuwar da ta karɓa ta zauna ƙasa tana ta addu'a, kuma ba zan raina abin da ya sa ta addu'ar ba.

Sai dai duk waɗannan an gina su ne a kan tambaya ɗaya: wa ke jin yunwa? Tambaya ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ba ce. Ba a tambayi wa zai shuka ba, kuma da me. Ana kallon manomi a matsayin baki da za a ciyar, ba a matsayin mai sana'ar da ta tsaya ba. Mai otal da aka rufe masa otal an ɗauke shi ɗan kasuwa da ya yi asara, aka sassauta masa haraji. Mai lambun da kabejinsa ya ruɓe saboda dokar da ba shi ya kafa ba, shi sai ya jira ya talauce sosai, har a gan shi cikin mabuƙata, kafin a auna masa tiya. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, kuma rashin lissafi ne. Ƙasar da ta ɗaga taken cewa ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar tun farkon shekarun 2010 bai kamata ta bar mai ciyarwar ya cinye irinsa ba.

Sannan ga maganar lokaci. Ofis yana da kalandarsa: a rubuta buƙata, a aika wa masu ba da kuɗi, a sa hannu, a ɗauki masu ƙidaya, a horar da su, a tantance, a biya. Gona ma tana da tata, kuma ba ta jiran sa hannun kowa. A kudancin jahar nan wasu tun a Mayu suke binne, ruwa na sauka a Yuni kowa ya fita da sungumi. Kuɗin da ya shigo hannun manomi kafin wannan rana iri ne da taki da ƙarfin noma gonarsa. Kuɗin da ya shigo bayan an yi girbi, komai yawansa, na biyan bashi ne, wato rabinsa na ɗan kasuwar da ya ba da hatsi ne tun kafin a ƙirga shi.

Me ya sa a wasu ƙasashe kuɗin ya isa da wuri? A Amurka, gwamnati ta sanar da shirin tallafa wa manoma saboda korona a tsakiyar Afrilu 2020, da dalar Amurka biliyan 16 da za a biya kai tsaye, aka fara karɓar takardun nema a ƙarshen Mayu, a watan Yuni kuɗi ya fara shiga asusun mutane. A Satumba aka ƙara wani zagaye na kusan biliyan 14. Wani zai ce ai Amurka ce, kuɗi gare su. To a bar Amurka. Indiya tana da shirin da take ba ƙananan manoma rupi 6,000 a shekara, kashi uku. Da aka kulle ƙasar a ƙarshen Maris 2020, sai gwamnati ta gaggauta biyan kason farko, rupi 2,000, ga manoma sama da miliyan 80 a cikin watan Afrilu. Kuɗin ba shi da yawa, amma ya zo a kan kari. A bar Indiya ma, a zo Togo, da muke kashe sefa ɗaya da su. A Afrilu 2020 suka fito da shirin Novissi, mutum ya yi rajista da wayarsa da katin zaɓensa, kuɗi ya shigo masa ta wayar, kuma da gangan aka ba mata fiye da maza. A birni aka fara, daga baya aka kai shi ƙauyuka mafi talauci.

Abin da ya haɗa ukun nan ba arziki ba ne. Kowaccensu tana da sunaye a rubuce tun kafin cutar ta zo. Ma'aikatar noma ta Amurka tana da ofis kusan a kowace gunduma da ya san gonar kowa. Indiya ta riga ta tattara sunaye da lambobin asusu. Togo ta yi amfani da kundin masu zaɓe da ba a daɗe da sabunta shi ba. Ranar da masifa ta zo, aikin da ya rage musu shi ne biya kawai.

Amma kada mu kwafo su ido rufe, don su ma sun bar mutane a baya, kuma irin mutanen da suka bari su ne mafi yawa a wurinmu. A Amurka an biya ne gwargwadon yawan amfanin da mutum ya noma da yawan kan dabbobinsa, har zuwa dala 250,000 ga mutum ɗaya, don haka manyan gonaki suka kwashe kaso mafi tsoka, ƙananan suka tashi da ɗan abin da ya saura. A Indiya sai wanda ke da takardar mallakar gona, mai noman haya da ɗan ƙwadago ba sa ciki. Idan aka yi haka a Damagaram, alhajin birni da ya sayi fadama ya kewaye da waya shi zai fi kowa samu, wanda kuwa ke noma gonar aro ko ta jingina, da matar da ke noma gamanar da mijinta ya yanka mata, da bazawarar da ke riƙe da marayu a gonar da har yanzu sunan mamaci ke kanta, duk za su tashi a tutar babu. A Matamaye da Kance, inda gona ta tsuke har magada goma ke raba abin da kakansu shi kaɗai ya noma, biya bisa faɗin gona ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne. A biya wanda ke duƙawa, daidai wa daida, ba wanda ke da takarda ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ba wai ba a iya rubuta sunayenmu ba ne. Ranar karɓar lanho babu gidan da ke ɓacewa. Mai gari ya san kowane magidanci da yawan mutanen da ke kansa, katin iyali na nan, kuma da shi ake bi gida gida. Lokacin zaɓe ma akan kai na'ura har rugar da mota ba ta zuwa. Idan hukuma za ta karɓa, ta san hanya. In za ta bayar ne ake cewa sai an yi bincike.

Kuma na ga yadda ake binciken nan na gaggawa. Mota ta tsaya a ƙofar mai gari da rana tsaka, ba a sanar da kowa ba. Samari biyu suka fito da takardu, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin bedi. Suka ce gida talatin ake so, kuma kafin la'asar za su wuce gari na gaba. Garin ya fi gida ɗari biyu. Wanda ke kusa ya ji, ya kira ɗan'uwansa. Waɗanda suka tafi daji neman itace ko suka kai dabbobi rijiya ba su san an yi ba. Wata dattijuwa ta iso ana naɗe tabarma, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a rubuta ni ba." Mai garin ya kau da kai, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ni na yanke adadin ba." Gaskiya ya faɗa. Amma shi zai ci gaba da zama da ita a gari ɗaya, kuma daga ranar rabin garin na zarginsa da son kai, ko ya yi ko bai yi ba. Rubutun suna a cikin gaggawa, kuɗi na jira a mota, shi ke haifar da ƴan uwanci da siyasa da gaba tsakanin maƙwabta. Sai an ƙoshi ake iya faɗin gaskiya a kan wane ne mabuƙaci.

Don haka abin da nake kira a yi ba sabon ofis ba ne, ba kuma taron bita a otal ba. A kowace komin, wato ƙaramar hukuma, a buɗe kundin masu noma da kiwo, a rubuta shi da rani bayan an kai amfani gida, lokacin da babu rabon komai a gaba. A rubuta mace da sunanta, ba a ƙarƙashin mijinta ba. A rubuta mai aro da mai haya. A rubuta makiyayin Tanut da Gure da Tesker a inda yake shayar da dabbobinsa, don shi ma rufe iyaka ya hana shi kai garkensa inda ya saba. A karanta sunayen da babbar murya a dandali, a gaban mai gari da liman da sarkin noma da shugabar mata, wanda aka tsallake ya tashi ya yi magana, wanda aka rubuta sau biyu a soke ɗaya. A maimaita kowace shekara. Muna da ƙungiyoyin manoma, muna da zauren manoma na jaha, muna da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, muna da malaman gona. Hanyar aika kuɗi ma ba ita ce matsala ba: ɗan ci-rani a Agadas yana turo wa uwarsa jika biyar ta Nita ko Al Izza ta karɓa a ranar. Abin da yaro mai tura baro ke iya yi kowane wata, gwamnati ba za ta kasa ba.

Na san abin da za a ce. Na farko, babu kuɗi. To mu yi lissafi a fili. A ce gida dubu 500 ne a jahar nan za a ba jika 30 kowanne kafin shuka. Miliyar 15 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na rancen da aka shirya wa kamfanoni. A watan Afrilun 2020 kaɗai, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Nijar rancen gaggawa na dalar Amurka miliyan 114 da ɗoriya, kusan miliyar 70 na sefa. Ban ce a kwashe duka a ba manoma ba, asibitoci na buƙata, albashi na jira. Na ce dai lokacin da ake yanka, ba a yanka da manomi a zuciya ba. Kuma hatsin da ba a noma ba saboda rashin iri, gwamnatin ce dai za ta sayo shi da tsada a shekara mai zuwa ta raba kyauta.

Na biyu, wai in ka ba talaka kuɗi a hannu aure zai ƙara, ko ya kashe a goro da shayi. Wannan magana tana ɓata mini rai, don masu yin ta ba su taɓa tambayar mai kamfani me ya yi da nasa rancen ba. A kowane gari akwai almubazzari, a birni ma akwai. Amma magidancin da ke kallon gabas kullum da yamma yana jiran hadari, ƴaƴansa na cin tafasa da anza, ya fi kowane ma'aikaci sanin inda jika ɗaya za ta fi amfani a gidansa. Wani iri yake buƙata, wani kuɗin gyaran amalanke, wani magani ga matarsa don ta iya fita gona. Buhun takin da aka zaɓa masa daga Yamai ba zai yi masa wannan ba, shi ya sa ake ganinsa a Kasuwar Dole washegari.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma na yarda da rabinta. Idan kasuwa babu hatsi, kuɗi ba ya cika ciki, sai ma ya ƙara tsada. A ƙauyen da ke nesa, a tsakiyar Agusta, hanya ta yanke, buhu ya fi takardar kuɗi. Shi ya sa ba na cewa a rufe rumbunan gwamnati ko a daina sayar da rahusa. Kowanne da lokacinsa: kuɗi a Afrilu da Mayu don a shuka, hatsi a Yuli da Agusta don a iya noma. Kundi ɗaya ne zai yi wa duka biyun aiki, kuma shi zai hana buhun rahusa ya bi ta bayan gida ya koma shagon ɗan kasuwa.

Wani zai ce korona ta wuce, me ya kawo tsohon zance? Ai abin da ya biyo bayanta ne ya kawo shi. Daminar 2020 ta zo da ambaliya. Ta 2021 ta yanke da wuri, aka samu babban giɓin hatsi a ƙasa. A 2022 taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba saboda yaƙin Rasha da Yukren. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe mana iyaka da Najeriya wata da watanni, a tsakiyar damina. A 2024 ruwa ya yi ɓarnar da har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, gonaki da rumbuna ba adadi suka tafi. A cikin shekara biyar, sau biyar ana neman sanin wane manomi abin ya shafa, a ina yake, ta yaya za a kai masa, kuma kowane karo daga farko ake somawa, da sababbin takardu da sabuwar mota a ƙofar mai gari.

Masu riƙe da komin-komin ɗinmu ba sai sun jira umurni daga Yamai ba kafin su fara. Littafi ne da alƙalami da mutum biyu masu amana a kowane gari, sai yardar sarakuna, wadda na tabbata za a samu, don su ne suka fi kowa shan zargi idan rabo ya zo. Komin ɗaya a Mirya ko Magarya ta gwada a ranin bana, ta karanta sunayen a gaban jama'a, ta manna su a bangon ofishinta. Mu kuma da muka yi karatu muka zauna birni, muna cin tuwon da ƴan'uwanmu suka noma, idan an kira taron gari mu je, mu riƙe alƙalamin in an rasa mai riƙewa, mu tabbatar an rubuta matan gidanmu da maƙwabcin da ba ya iya magana a gaban manya.